Curin da Ya Rage a Faranti

Da na dawo Osaka bayan shekara goma sha ɗaya ina karatu a Turai, akwai abu biyu da nake yi wa kallon raini. Na farko wasan kwamfuta. A ganina abin kashe lokaci ne a cikin jirgin ƙasa, kuma duk wanda ya ce mini yana iya faɗin abin da littafi bai faɗa ba, sai in ɗauka hujja yake nema ta zaman da yake yi gaban allo. Na biyu kuwa karar mutanenmu, a yi ta "ɗauki mana", "a'a, kai dai ɗauki", har shayi ya huce. Kan na biyun har yau ban gama saukowa ba. Na farkon kuwa maƙwabciyata Kuwabara Chizuru ce ta sassauta mini shi, kuma ba da gardama ba. Ga labarinta kamar yadda ita da mutanen gidansu suka ba ni.

An haifi Chizuru a benen da ke saman shagonsu, a wani layin kasuwa mai rufi da ke kudancin birni, tsakanin mai kifi da mai gyaran agogo. Sana'ar gidan Kuwabara ɗaya ce tun zamanin kakansu: ohagi, curin shinkafa mai danƙo da ake lulluɓewa da jan wake wanda aka dafa da sukari har ya yi luguf. Mahaifinta ne ke tsaye kan tukunyar jan ƙarfe tun da sassafe yana tuƙa waken, mahaifiyarta Tomiko tana cura shinkafa, yayanta Nobuaki kuma, wanda ya ba ta shekara huɗu, yana leƙen tukunyar tun kansa bai kai bakinta ba. Da yamma in an rufe shago, abin da ya yi kwantai shi ake jerawa a faranti a ci da shayi.

Matsalar ita ce Chizuru ba ta son wake mai zaƙi. Ba irin ƙin yarinta ba ne da ake girma a bari, ko ƙanshinsa ta ji sai maƙogwaronta ya toshe. A gidan da waken ne ya saya mata takalmin makaranta, ba ta ga bakin da za ta faɗi haka da shi ba. Sai ta koyi dabara. Takan ɗan gutsiri gefe don a ga ta taɓa, in Yaya Nobu ya juya sai ta tura sauran cikin farantinsa. Ran da ya kama ta tana da shekara shida. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ci, Yaya, na ƙoshi." Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Daga ranar ya yanke cewa ƙanwarsa mutum ce mai hana cikinta ta ba wani, kuma shekara arba'in da shida ba abin da ya gusar da shi daga kan haka. Ko a bikin aurensa sai da ya faɗa a gaban jama'a, ita kuwa tana zaune tana murmushi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ta gama makaranta ta samu aiki a wani kamfanin kayan lantarki, a sashen da ake rubuta 'yan littattafan nan da ake sakawa cikin kwali, waɗanda ba mai karantawa sai abu ya lalace. Shekara ashirin da shida tana rubuta "danna nan, ka jira minti uku", tana zana kibiya tana nuna maɓallin tukunyar shinkafa da na injin wanki. Ta yi aure, bai yi ƙarko ba, ta dawo da sunan gidansu ba tare da hayaniya ba. Abin da aikin ya koya mata shi ne kallon hannun mutum. Akan kawo mutane daga waje a ajiye musu sabuwar na'ura, ita kuma ta zauna a gefe tana duban inda yatsa yake zuwa, da inda yake tsayawa a iska yana shakka. Ta ce mutum yana iya yi maka ƙarya da baki duk yini, amma yatsansa a gaban maɓalli bai iya ba.

Tana da shekara arba'in da shida wata abokiyar aikinta ta nuna mata wata manhaja ta kyauta da ake haɗa ƙananan wasanni da ita. Wasanta na farko minti bakwai ne. Kana tsaye a mahaɗar jirgin ƙasa, an sauke sanda, ƙararrawa tana kaɗawa, kuma abin da za ka iya yi kawai shi ne ka dubi hagu ko dama. Jirgi ya wuce, wani ya biyo, wani ya biyo. In ka dubi hagu za ka ga wata mata tana gyara wa mijinta wuyan riga, shi kuma yana ture hannunta, tana sake gyarawa. In dama ka duba, ba za ka taɓa sanin sun yi haka ba. Ta sa shi a intanet kyauta. Mutum ɗari da wani abu suka buga, wani ya rubuto mata cewa ya tsaya ne ya kira matarsa a waya. Ta buga saƙon a takarda ta manna a jikin firij.

Ta haka ta faɗa cikin masu irin wannan sha'awa. Sukan haɗu Asabar ɗaya a wata a wani ɗaki saman kantin littattafai, kowa da kwamfutarsa a jaka, a nuna wa juna abin da aka haɗa, a yi ta suka ana dariya. Babban mai bakinsu wani likitan haƙori ne, Hirose, wanda duk wasan da ya yi ba a cin nasara a cikinsa, yana kuma alfahari da haka.

A can gida kuwa, mahaifinsu ya rasu, Yaya Nobu ya ci gaba da biyowa da sassafe yana tuƙa wake kafin ya tafi aikinsa na tuƙin bas. Kowa a layin ya san hannunsa ya kai na uban, wasu ma sukan rage murya su ce ya fi. Sai yatsun Inna Tomiko suka sanƙare, curi ya gagare ta. Ta sauke ƙofar ƙarfen shagon, ta tara 'ya'yanta biyu ta ce ɗayansu ya ɗauki shagon. Shekara uku ke nan, ƙofar tana sauke.

Nobu yana son shagon kamar ransa. Ritayarsa ta kusa, kuma Chizuru ta sha ganinsa ya tsaya gaban ƙofar yana goge ƙurar allon suna da hannun riga. Ita kuwa ko kyauta aka haɗa mata da gida ba ta so. Amma a wurinmu mai so shi ne yake cewa ba ya so, kuma gwargwadon nacewarsa gwargwadon son. Kalmar "ba na so" da take buƙata, kara ta riga ta cinye ta.

Ranar sabuwar shekara suka taru a benen, Nobu ya dafo ɗan wake a gida ya yi curi tara.

"Shagon na Chizu ne," in ji shi, yana zuba wa uwarsu shayi. "Ita ta yi jinyar Baba. Ni bas nake ja."

"Yaya, ba na so."

"Na ji."

"Da gaske nake. Ni waken ma ba ya mini daɗi."

Ya ajiye butar, ya dube ta da irin kallon nan da ta tsana, mai cike da tausayi. "Kin ji, Inna? Har ƙarya take yi wa kanta don ta bar mini. 'Yar mai wake wai ba ta son wake."

"Ku biyun nan," in ji Inna, "da ƙofar jirgi ce da a tasha za ku tsufa. To ku saurara. Watan Satumba, makon ziyarar kaburbura, in ƙofar nan ba ta ɗagu ba, tukunya zan kai wa wurin ibada su dafa wa baƙi, wurin kuma in ba yaron nan mai gyaran waya da yake ta yi mini gaisuwar da ban san dalilinta ba. Na gama magana. Ku ci."

Suka ci, wato su biyu suka ci, Chizuru tana wasa da nata. Can sai ya rage curi ɗaya a tsakiyar faranti. A Osaka muna da suna don wannan, enryo no katamari, dunƙulalliyar kara: lomar ƙarshe da kowa ke kallo ba mai miƙa hannu. Nobu ya tura farantin gaban Chizuru da yatsa. Ta mayar masa. Ya tura wa Inna, Inna ta harare shi ta mayar tsakiya. Chizuru ta zuba wa curin ido, ta ga shago ne zaune a faranti. Sai ta ga kuma yatsan yayanta a gefen tebur, ya ɗan ɗaga ya tsaya a iska, irin tsayawar da ta yi shekara ashirin da shida tana kallo. Kafin ta kai tashar jirgi ta riga ta san wasan da za ta haɗa.

Wata shida ta yi a kansa, Asabar da Lahadi da hutun cin abincin rana. Da hannu ta zana komai a takarda, da fensir mai launi, sannan ta ɗauki hoto ta shigar: teburin, butar shayi mai tsagaggen murfi, uwa, uba, da wata yarinya mai gajeren gashi. Mai wasa yana zaune ne a gurbin yayan, ba ya ganin komai na jikinsa sai hannu. Curi ɗaya a faranti, maɓalli ɗaya a gabansa. In ya danna, hannun ya ɗauka.

Muryar uwa kuwa ta Inna ce da kanta. Chizuru ta kai mata na'urar ɗaukar magana ta ajiye a tebur.

"Inna, ce 'ɗauki mana'."

"In ce wa wa? Bango?"

"Ki ɗauka baƙo ne."

"Wane baƙon? Ai ba iri ɗaya ba ce." Ta gyara zama. "Ga ta baƙon da nake so. Ga ta surukai. Ga ta matar mai agogo, wadda nake cewa ta ɗauka amma in ta ɗauka sai layin nan kaf ya ji." Ta yi su ɗaya bayan ɗaya, kalma biyun nan, har kala goma sha huɗu, Chizuru tana dariya har tana ɓata ɗaukar. Da suka gama Inna ta tambaya ko za a biya ta kamar 'yan fim. Aka biya ta da kankana.

Abu biyu Chizuru ta ɓoye a cikin wasan. Wanda ya danna maɓallin, ƙofar shago za ta ɗagu, ya sauka cikin layin kasuwar kamar yadda yake shekara arba'in da suka wuce, ya yi yawonsa. Wanda bai danna ba kuwa zai ga shayi yana hucewa, rana tana matsawa a kan tabarma, ana ta hira. In ya kai rabin sa'a cif yana zaune, akwai abin da yarinyar nan za ta yi. Wannan na mutum ɗaya ta yi shi, don mutum ɗaya ta sani a duniya da zai iya rabin sa'a yana kallon abin da yake so bai taɓa ba.

Kafin ta kai masa sai ta so ta gwada a kan baƙi. A watan Yuli ana baje kolin ƙananan wasanni a wani zaure a Kyoto, kowa da ɗan teburinsa da kujera biyu. Ta samu tebur a lungu kusa da ƙofa, Hirose yana maƙwabtaka da ita da wani wasansa na mutumin da ke neman laimarsa a garin da ba a ruwa.

Abin da ta gani a kwana biyun nan ya fi ƙarfin abin da ta zata. Mutum zai zauna, ya sa abin ji a kunne, ya ga curin. Muryar Inna ta ce, "Ɗauki mana." Sai ka ga ya ɗan sunkuyar wa allo da kai, ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Wani har girgiza hannu yake yi gaban fuska, alamar a'a, na gode. Su zauna minti takwas, minti goma, suna murmushi, sannan su waiga su ga akwai mai jira a baya, su miƙe da sauri su ba shi kujera. Mutum sittin da uku suka zauna. Biyu ne suka danna. Ɗaya wani baƙo ne ɗan ƙasar waje, wanda ya ɗauke curin tun Inna ba ta rufe baki ba, ya sha yawonsa a layin kasuwa, ya tashi yana ta yabo. Ɗayar kuwa wata mata ce da gwiwar hannunta ta taɓa maɓallin bisa kuskure, ta tashi tana ba Chizuru haƙuri kamar ta fasa mata kofi.

Da yammacin rana ta biyu Hirose ya leƙo da wayarsa. "Malama Kuwabara, kin yi suna. Ji abin da wani ya rubuta. 'Wasa ne marar ƙarshe a kan wofi da haƙuri, inda mai shi ta hana mu komai don ta nuna mana cewa so shi ne azaba.'"

"Na hana su? Wata uku na yi ina zana layin kasuwar nan. Har kyanwar mai kifi na sa."

"To ba wanda ya gan ta sai Bature. Ki sa kibiya mana ta nuna maɓallin. Ba aikinki ba ke nan?"

"Shekara ashirin da shida ina zana kibiya, Likita. Wannan karon ba zan zana ba. Sun ga maɓallin sarai. Ka ga yatsunsu kuwa?"

"Na gani. Kamar masu jiran in cire musu haƙori."

Ta yi dariya har da hawaye, amma a jirgin komawa gida dariyar ta ragu. In baƙi ma da ba ruwansu sun kasa ɗauka, ina ga Yaya Nobu? Kuma ba wanda ya kai rabin sa'a, don haka ba ta san ko abin da ta ɓoye a can zai yi magana ba. Satumba kuwa saura wata biyu, mai gyaran waya har ya fara zuwa da abin awo.

Wata Lahadi a watan Agusta, bayan cin abincin rana, ta ajiye kwamfutar a teburin benen, daidai wurin zaman yayanta.

"Ni ban iya waɗannan abubuwan ba," in ji Nobu. "Yatsuna na sitiyari ne."

"Maɓalli ɗaya ne, Yaya. Ko ƙofar bas ta fi shi wuya."

Ya sa tabarau, ya zauna. Ta cire abin kunnen don kowa ya ji. Da teburin ya bayyana sai ya ce, "Kai, butarmu ce. Har tsagin." Muryar Inna ta fito daga na'urar: "Ɗauki mana."

"Wannan ta baƙon da nake so ce," in ji Inna daga inda take zaune tana fifita. "Ka ji an girmama ka."

Nobu ya naɗe hannu a ƙirji. Minti biyar. Minti goma. Ya tambaya ina maɓallin da ake tura wa yarinyar faranti. Chizuru ta ce babu. Ya ce to ina wuƙa, a raba biyu. Ta ce babu wuƙa.

"Wane irin gida ne ba wuƙa?"

"Gidan da na zana."

"To a zauna."

Aka zauna. A cikin allo uban yana ba da labarin farashin wake a shekarar da aka yi ambaliya, da kalmomin da Chizuru ta tuna, ko da yake muryar ta mai kifi ce da ya yarda ya ara mata. Hasken rana ya bar gefen tebur ya hau bango. Minti ashirin. Inna ta fara gyangyaɗi, ta farka, ta ce, "Har yanzu? Ni na haifi wannan?" Chizuru kuwa agogon bango take kallo. A minti ashirin da shida Nobu ya motsa kamar zai tashi, ashe ƙafa ce ta yi masa tsami, ya miƙe ta ya koma.

Da rabin sa'a ta cika, sai uwa da uba na cikin allo suka juya suna duban taga. Yarinyar ta saci kallonsu. Ta ɗauki ragowar curinta ta gutsiri kaɗan, fuskarta ta yamutse gaba ɗaya, ido a runtse, kafaɗa a ɗage. Ta zaro harshe ta goge da hannun riga. Ta tura sauran zuwa farantin mai wasa, ta ce, da muryar Chizuru ta yanzu, ta mace mai shekara hamsin da biyu, "Ci, Yaya, na ƙoshi." Sannan ta kwankwaɗi shayi kofi biyu, ta zura hannu a aljihu ta fito da biskit ɗin shinkafa mai gishiri, ta ci a ƙarƙashin tebur tana kaɗa ƙafa don daɗi.

Nobu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Na san fuskar nan," ya ce a hankali. "Na sha ganinta. Ni na ɗauka kwaɗayi kike dannewa."

"Amai nake dannewa, Yaya."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ta zata kuka ne, sai ta ji dariya ce, irin wadda ke fitowa daga ciki ba sauti, har ya kifa goshi a tebur. "Shekara arba'in da shida," in ji shi da ya samu numfashi. "Ina ɗaukar ki waliyyiya, ina ba da labarinki a wurin biki, ashe kwandon shara kika mai da ni."

"Ai ba ka taɓa ƙi ba."

"Shi ya sa na yi ƙiba a aji huɗu. Har likitan makaranta ya rubuto takarda."

Sai a lokacin Chizuru ta tuna uwarsu tana ɗakin. Ta juya a hankali, ta durƙusa sosai. "Inna, ki yi haƙuri. Ban taɓa son in..."

"Haƙurin me?" Inna ba ta ko daina fifita ba. "Ke wa kike zaton yake sa miki biskit ɗin a aljihu? Aljanu?"

Duk shekarun nan Chizuru ta ɗauka kakarsu ce.

"To me ya hana ki faɗa, Inna?" in ji Nobu. "Shekara uku shago a rufe."

"A'a, ni in tona wa yarinya asiri? Ita ba ta faɗa ba, ni ce zan faɗa?"

Suka dubi juna su uku, dariyar ta sake ɓarkewa. Cikin dariyar ne Nobu ya miƙa yatsa, ba tare da ya tsaya a iska ba, ya danna.

Hannun ya ɗauki curin. Ƙofar ƙarfe ta ɗagu da ƙararta, wadda Chizuru ta ɗauko daga ainihin ƙofar, sai ga layin kasuwa da safe, da launin fensir. Ya bi shi sannu a hankali. Ga mai agogo da tabaraunsa a goshi, ga kyanwar mai kifi, ga kantin takalman da ya ƙone tun suna yara. Yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya kamar mai sanar da tashoshi. Da ya juyo ya shiga shagonsu, sai ga bayan wani mutum tsaye kan tukunyar jan ƙarfe, tururi yana tashi. Nobu ya daɗe a nan bai motsa ba.

"Kin yi kuskure," ya ce daga baya. "Baba da hagu yake riƙe muciya."

"Zan gyara."

"Ki gyara." Ya rufe kwamfutar a hankali, ya juya wajen uwarsu. "Inna, ina makullin ƙasa? Tukunyar nan shekara uku ba a wanke ta ba, ta yi kore. Kuma a gaya wa mai wayar nan ya daina auna mana bango."

An ɗaga ƙofar ranar farko ta makon ziyarar kaburbura. Tun kafin ƙarfe tara layi ya kai gaban mai agogo, tsofaffi da furanni a hannu, kowa yana cewa kwali biyu, ɗaya na kabari ɗaya na ciki. Nobu yana kan tukunya da tawul a goshi, matarsa tana cura shinkafa, Inna tana zaune a kujera bakin ƙofa tana gyara musu aiki da baki. Chizuru ta ɗauki hutun kwana ɗaya tana naɗe kwalaye, da buɗaɗɗiyar ledar biskit mai gishiri a gefenta, tana ci a gaban kowa. Duk wanda ya tambaya, Nobu ne ke amsawa daga ciki: "Ƙanwata ce, ba ta cin kayanmu. Wasannin kwamfuta take yi, har Kyoto an san ta." Wasan yana nan a intanet kyauta, ta gyara hannun uban, ba ta kuma sa kibiyar ba. Ta ce yanzu wani take haɗawa a kan mutum biyu da suka haɗu a ƙofar lif, na'urar hawa bene.

Ni ma na bi layin ranar. Na riga na buga wasan a gida, kuma ba zan ɓoye ba, da duk karatuna na Turai sai da na yi minti goma sha ɗaya kafin in danna. Da na iso gabanta tana ɗaure mini kwali, sai na tambaye ta abin da ya tsaya mini a rai.

"Malama Kuwabara, in mutum ya ga rabin sa'ar, ya ga komai, amma duk da haka ya ƙi ɗauka fa? Haka za a zauna har abada?"

"A'a," ta ce, tana jan zaren. "Ai da Yaya Nobu na yi lissafi, sai da na shirya wa mafi muni. In aka kai awa uku, Inna takan miƙa hannu ta cinye abinta."